Beguwa Ba Ta Harbi

Ku matso, jama'a, ku ara mini kunnuwanku. Ba zan ce muku ga ta nan ga ta nanku ba, domin da rana tsaka nake wannan magana, kuma abin da zan faɗa ya faru. Shekara goma sha ɗaya ke nan, a cikin wannan wata, da Allah ya karɓi ran maigidana a gidanmu na Makera. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, haka aka rene mu. Yaran Makera da Kakuri da Barnawa Baba Mai Dabgi suke ce masa, kuma ya fi saurin amsa wannan a kan sunansa na yanka. Ni ban yi boko ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba. 'Yata Ladidi, wadda ita ma ta yi jika yanzu, ita ke riƙe da biro, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, ta sa ta yadda ta fito.

Malam, wato maigidan nawa, mai zane ne a wata masaƙa a Kakuri. Furanni da tsuntsayen da kuke gani a jikin atamfa, irinsu yake zanawa kafin inji ya buga. Da masaƙa ta rufe, abokan aikinsa suka watse, wasu suka kama acaɓa, wasu gadi, wasu suka koma garuruwansu. Shi kuwa ya zauna a zaure da fensirorinsa, kamar manomin da aka ƙwace wa gona aka bar shi da fartanya. Ana nan, ana nan, wata rana yaran layinmu suka shigo da littafin makaranta mai hotunan dabbobi. Ga zaki, ga giwa, ga wata farar dabba da aka ce a ƙasar ƙanƙara take. Ya tambaye su ko akwai wanda ya san dabgi. Ɗaya ta ce ai wani irin tuwo ne. Ya shigo gida ya ce mini yaran nan sun san dabbar da ke bangon duniya, ba su san wadda ke haƙa rami a bayan Kujama ba.

Daga nan littattafan suka faro. 'Yan sirara ne, ba su kai kaurin faifai ba, wani mai ƙaramin injin ɗab'i yake buga masa. Na farko shi ne na dabgi, wai ya je neman aikin haƙar rijiya. Malam ya ce dabgi kamar gida-gida ya bi yana aro: kunne a wurin jaki, hanci a wurin alade, harshe kuwa ya fi na mai tsegumi tsawo, amma shi gara yake kamawa da nasa. Akwai na bodari, wanda ba a gayyatarsa biki saboda turaren da yake zuwa da shi. Akwai na ɗankunya, mai sulke kamar mayaƙi, amma ko haƙori ɗaya ba shi da shi, in ka yi masa magana sai ya naɗe kamar gammo, uwa kuma a kan jela take goyon ɗanta. Akwai na rema, 'yar abar nan ta kan duwatsu da ba ta fi zomo ba, wadda masana suka ce dangin giwa ce. Wannan kam har yau in na tuna sai na riƙe baki. Na taɓa ce masa ya ji tsoron Allah, kada ya sa yara su yi wa halitta dariya. Ya ce dariya iri biyu ce, akwai ta raini, akwai ta mamaki, kuma yaron da ya yi ta biyu, tasbihi ya yi bai sani ba.

To, yana da doka ɗaya. Ba ya sa abu a littafi sai ya sami shaidu biyu, kamar ɗaurin aure. Ko maharba biyu da suka gani da ido, ko masu ilimi biyu da suka bincika. Yakan yi sammako ya tafi wurin masu sayar da naman daji, ya zauna da tsofaffi, ya dawo da ƙafa duk ƙasa a kan magana ɗaya tak. A bayan kowane littafi ya sa an rubuta cewa a nan babu tatsuniya, duk abin da ka karanta wani ya gani. Ban iya karanta layin ba, amma na san siffarsa kamar yadda na san zanen fuskar uwata.

Ni kuwa 'yar maharbi ce. A wani ƙauye na bakin dajin Birnin Gwari aka haife ni, na tashi ina ganin fatu a shanye a kan danga. Duk layinmu kuma an san ni da tatsuniya, in an ci tuwon dare yara kan cika mini tabarma. Amma da rana, ko za a yanka ni ba na yi. Kakata ta ce mai tatsuniya da rana ɓatan kai yake yi, ya fita ya kasa gane hanyar gida, ni kuma ban taɓa gwadawa ba balle in ƙaryata ta. Malam ya san da haka. Saboda haka in zai tambaye ni wani abu na daji, sai ya bari hantsi ya dubi ludayi, ina tsakar gida ina aikina, ya jawo 'yar kujera ya zauna da takardarsa. Yakan ce da dare bakina na yara ne, da rana kuwa nasa ne, don ya san da rana gaskiya kaɗai ke fita daga cikinsa.

Wata safiya ina tsintar wake ya zo da maganar beguwa. Ya ce yaya take kare kanta. Na ce ai harbi take yi da ƙayarta, kowa ya sani. Ya ce bai tambayi kowa ba, ni ya tambaya, na gani?

Ga abin da na gani, kun ji. Ina 'yar shekara bakwai ko takwas, karen babanmu ya dawo daga daji da ƙaya uku a hanci, yana kuka. Matan gida suka ce beguwa ta harbe shi. Iyakarsa ke nan. Amma harshen da ya saba da gishiri ba ya son lami. Ga Malam ya zuba mini ido, fensir a hannu, ga shi tunda nake ba a taɓa ɗaukar maganata an sa a takarda ba sai a hannunsa. Sai na ji bakina yana cewa na bi Baba gona, muka yi kiciɓis da ita, ta tsaya ta girgiza jiki, ƙayoyi suka tashi kamar kibau, daga nan har wurin randar can. Ya ce shaida na biyu fa? Na ce Baba yana wurin, ga shi ƙasa ta rufe masa ido. Ya ce ni da marigayi, biyu ke nan. A iya sanina, sau ɗaya ke nan da ya lanƙwasa dokarsa, kuma domina ya yi.

Magana zarar bunu ce. Littafi ya fito, ga beguwa da hular maharba da kwari a rataye, kuma duk cikin littattafan babu wanda yara suka so kamarsa. Sai ka ga sun cika layi suna harbin juna da tsinken tsintsiya, wai su beguwa. In na gani sai in kau da kai.

Akwai wani tsohon abokin Malam, Baba Yohanna, mutumin wajen Kachia. Ya daɗe yana gadin ƙofar masaƙa, kafin nan kuma maharbi ne na gaske. A Unguwar Boro yake zaune. 'Yarsa, Malama Rifkatu, tana koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare, ita ce ta fara karanta wa ɗalibai littattafan Malam. A lokacin mutane sun fara zaɓen unguwa bisa ga addini, ziyara ta ragu, amma Malam da Baba Yohanna ba su fasa ba. Shi yana ce wa Malam Mai Fulawa, saboda furannin da yake zanawa, Malam yana ce masa Sarkin Ƙofa. Ran wata Lahadi bayan an tashi daga coci, sai ga shi ya yi sallama. Na ɗebo ruwa zan miƙa, ina bayan bangon zaure na ji muryarsa.

“Mai Fulawa, wa ya ba beguwa baka?”

Malam ya yi dariya, ya ce wanda ya ba mai gadi barci a bakin aiki. Baba Yohanna ya ce shi dai bai taɓa zana tsuntsu mai ƙafa uku a zanen matan mutane ba. Suka gama tsiyarsu, sannan ya naɗe ƙafar wando ya nuna masa tabo a sha-raɓa. Ya ce beguwa ba ta harbi. In ka matsa mata, sai ta tayar da ƙaya ta ninka girmanta, ta kaɗa jela ka ji kacau-kacau, ta buga ƙafa a ƙasa. Gargaɗi uku ke nan. In ba ka ji ba, sai ta juya.

“Da baya ta zo mini, kamar tifa ta sa ribas. Ƙayar sakwa-sakwa take a jikinta, in ta shige ka sai ta bar maka ita tsaraba. Wanda ya ga kare daga baya shi ke cewa harbi ne.”

Na tsaya a bayan bango da kwanon ruwa. Sai na ji Malam, a natse, yana cewa wadda ta gaya masa da idonta ta gani, kuma da rana ta faɗa, shekara talatin yana tare da ita bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Baba Yohanna mutum ne mai kawaici. Ya sauke ƙafar wandonsa, ya ce to, wataƙila beguwar Birnin Gwari daban ce. Dama Malama Rifkatu ta gayyaci Malam ya je ajinta ranar Alhamis ya karanta wa yara littafin da bakinsa. Suka rabu a kan Baba Yohanna ma zai je, kowa ya faɗi tasa, yara su ji.

Kwana huɗu ina juya maganar a raina. Shaiɗan ya ce mini in yi shiru. Baba ya rasu, kare ya mutu, wa zai tona? Amma in na rufe ido sai in ga mutumin nan tsaye a gaban yara, ƙaryata a bakinsa, yana kare ta da mutuncinsa. In kuma ga dattijo mai tabo a ƙafa an mayar da shi maƙaryaci a gaban 'yarsa da ɗalibanta. Sannan in tuna layin nan na bayan littafi. Ashe ɓatan kan da kakata take faɗa ke nan: ina cikin ɗakina, na kasa gane hanya.

Ranar Alhamis da safe yana gyara hula a gaban madubi na tsaya a bakin ƙofa. Na ce Malam, ban gani ba, kare na gani da ƙaya a hanci. Ya juyo ya dube ni. Sannan ya zauna a bakin gado, ya ɗora hular a gwiwa.

“Da rana fa, 'yar maharbi?”

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, kuma da mari ya yi da ya fi mini sauƙi. Can ya ce laifinsa ne, shi ya kafa doka shi ya karya, zai je ya gaya wa yara ya yi kuskure, sunana ba zai fito ba. Na ce a'a, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ɗauko mayafina. Ya dube ni, ya dubi mayafin, ya sa hula muka fita.

Ranar ce na fara shiga aji a rayuwata, na haura hamsin da haihuwa. Ga bencina, ga baƙin allo, ga ƙurar alli tana yawo a hasken taga. Yara suka miƙe gaba ɗaya suka yi wata gaisuwa da Turanci, ban san ko in amsa ko in durƙusa ba. Malama Rifkatu ta kawo mini kujerarta, na ce a tsaye zan yi. Na ce musu ni ce na ba da labarin harbin beguwa, kuma ban gani ba, ji na yi na ƙara gishiri, na sa mai littafi ya rubuta abin da ba haka ba, na sa ana musu da wanda ya fi ni sani. Na juya na roƙi Baba Yohanna gafara.  Sai wata 'yar ƙarama a benci na gaba ta ɗaga hannu.

“Inna, yanzu ke ma za a yi miki bulala?”

Malama ta sa littafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Baba Yohanna ya ce hukuncin a hannun beguwa yake, bari ta zo da kanta. Ya ɗauki tsintsiyar aji ya soke ta a bayan wandonsa, ya duƙa, ya kaɗa, ya buga ƙafa sau uku, sannan ya taho da baya a guje ya nufi Malam. Malam ya zabura, kujera ta kife da shi. Dariyar da yaran nan suka yi sai da malaman wasu azuzuwa suka leƙo.

Amma abin da ya zauna mini a rai ya zo bayan dariyar. Baba Yohanna ya zaro ƙaya ɗaya ta gaske daga aljihu, doguwa, da ratsin fari da baƙi kamar an auna da ma'auni. Aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu, kowa ya taɓa tsinin a hankali. Ya ce musu ɗan beguwa da ƙayarsa ake haihuwarsa, amma laushi gare ta a lokacin, sai ya fito duniya take ƙarfi, don haka ba ya yi wa uwarsa rauni. Babu yaron da ya motsa. Ni da na tashi a gidan maharbi ban taɓa sanin haka ba. Na ce Subhanallahi a fili. Ƙaryar da na ƙaga ina ganin ta ƙawata labari, ashe ko kusa ba ta kama ƙafar abin da Ubangiji ya riga ya yi ba.

A makon Malam ya zana sabon shafi, wai wasiƙa ce daga beguwa. Ladidi ta karanta mini har na haddace: “Ni Beguwa ina kawo ƙara. An ce ina harbi. Ba ni da baka, ba ni da kwari, ban taɓa zuwa farauta ba. Ni dai in an matsa mini baya nake ja, kuma ba na duba wanda ke bayana.” Ya nemo maharbi na biyu ya tabbatar, sannan ya dama sitaci, ya bi makarantu ɗaya bayan ɗaya yana liƙa shafin a duk kwafin da ya samu. Ya fi wata biyu yana wannan yawo. Bai ƙara tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah. Bai kuma daina tambayata da hantsi ba, sai dai ya ƙara kalma: kin gani, ko kin ji?

Yau nakan zauna in ce, da Malam zai ɗago kai ya ga zamanin nan, me zai ce? Kowane yaro da waya a hannu. Rannan aka nuna mini zaki ya rungumi jariri yana lallashi, aka ce mini wai na'ura ce ta ƙaga, babu zakin babu jaririn. Na san abin da zai tambaya, kuma na san babu mai amsa masa. Dajin da aka haife ni yanzu ko maharbi ba ya shiga da daɗin rai. Ɗankunya kuma, an ce ɓawonsa ake kwashewa ana kaiwa ƙasashen waje, shi da ba shi da abin faɗa sai naɗewa. Ina jin wannan zai hana shi cin abinci.

Amma akwai abin da na so a ce ya gani. Malam bai taɓa ganin dabgi mai rai ba. Rami ya gani sau biyu, da wata tsohuwar fata, sauran duk daga bakin shaidu ya zana. Bara Ladidi ta samo mini hoto mai motsi na gaske a wayarta. Ga shi nan yana tafe, hanci a ƙasa, kunnuwa a tsaye suna juyawa, ya sa farce a jikin suri, ƙasa tana tashi ta bayansa kamar mutum uku ke haƙa. Na sa ta maimaita har na rasa ƙidaya. Na ce ta ɗauko littafin ta ajiye kusa da wayar. Kunnen nan shi ne, hancin nan shi ne, har yadda bayan ya yi doro. Jela kaɗai ya rage wa kauri. Mutum ya zana abin da bai gani ba ya fito daidai, don kawai ya ƙi yarda da kowa sai wanda ya gani.

Me ya rage na mutum bayan shekara goma sha ɗaya? Littattafan sun yi ƙaranci, gara ta ci wasu, masu ƙosai sun naɗe da wasu. Amma watannin baya na shiga Keke a Kakuri, direban magidanci ne da gemunsa, ya yi ta dubana ta madubi. Da zan sauka ya ce, ba ke ce Innar beguwa ba? Ya ce yana benci na uku a ranar. Ya ce shi bai taɓa ganin babba ya tsaya a gaban yara ya ce ya yi ƙarya ba, kafin ranar ko bayanta, kuma yanzu in 'ya'yansa suka kawo masa labari, cewa yake su kawo shaidu biyu. Ya ce ni yake tunawa. Na ce masa ni ƙarya na yi, wanda ya sa ta gagara zama a gidanmu shi ne abin tunawa.

Baba Yohanna ya raka gawar Malam har maƙabarta, ya tsaya daga gefe da hularsa a hannu. Bayan shekara biyu shi ma ya bi, aka kai shi ƙauyensu. Malama Rifkatu ta yi ritaya, tana Mahuta wurin ɗanta, cikakken jerin littattafan a wurinta kaɗai ya rage, da ƙayar nan a cikin na beguwa. In an yi Sallah takan zo, in an yi Kirsimeti in aika mata da waina. Yarinyar da ta yi tambayar bulala, an ce mini aikin jinya take yi. Mai injin ɗab'i ya sayar da injinsa ya koma Zariya. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa dariyar yaran nan ta zame masa nauyi a mizani.

Ni kuwa ina nan Makera, ido ya fara hazo, ƙafa ta fara gardama. Ina yin tatsuniya har yanzu in yara sun zo bayan tuwo, ko da yake tabarmar ba ta cika kamar da. Da rana kuwa maƙwabta sun gaji da ni. In aka tambaye ni ko an yi ruwa a Sabon Tasha, ko wance ta haihu, in dai ban je ba, amsata ɗaya ce: ji na yi.